A Yashe Shi

Kalmomi uku ne suka raba yayana da aikinsa, suka zubar masa da mutunci a unguwa, daga baya suka kwantar da shi. Ni kuma na yi shekara uku ina jiran ranar da zan mayar wa mai su abinsa. Ban taɓa cewa na yafe ba, ko da wasa.

Ni direban katafila ne a mahaƙar kwal. Yaya kuma shi ne mai kula da tafkuna. Wanda bai san aikinmu ba zai ce me ya haɗa kwal da tafki. To, in aka yi ruwan sama a kan mahaƙa, ruwan da ke gangarowa baƙi ƙirin yake, ɗauke da laka da garin kwal. In ka bar shi ya faɗa rafi, duk mai lambu a ƙasa ya shiga uku. Shi ya sa ake haƙa tafkuna a gangare, a tare su da jingar ƙasa. Ruwa ya shiga ya kwanta, laka ta zauna a ƙasa, garau ɗin sama ya bi bututu ya tafi rafi. Amma tafki cika yake yi. In laka ta yi yawa sai a kawo katafila a yashe shi, kamar yadda ake yashe rijiya. In ba a yi ba, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi babu inda zai tsaya.

Tafkuna biyar ne, kuma kowanne Yaya ya yi masa sanda. Doguwa ce, ta itace mai tauri, da jan fenti a wuyanta. Duk Asabar zai hau katakon da ke kusa da bututu, ya tsoma sandar har ƙasa, ya zaro, ya ga inda laka ta kai, ya yi tsaga da wuƙa a wurin, ya karta kwanan wata a gefe. Shekara goma sha ɗaya yana wannan, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Sanda yake ce masa. Mutum ne mai sanyi, in yana magana sai ka matso. Ni ne aka haifa da zafin gidan duka.

Manajanmu kuwa Farin Takalmi muke ce masa, don tun da ya zo ba wanda ya taɓa ganin laka a ƙafarsa. A mahaƙar kwal fa! Daga mota zai leƙo, ya nuna da ɗan makulli, ya ɗaga gilashi. Kuma yana da wata kalma a baki. Ka kawo masa kuka, "yashe wannan maganar." Ka ce taya ta mutu, "a yashe ta." Shi komai a wurinsa abin yarwa ne.

Ana saura wata guda damina ta faɗi, Yaya ya tare shi a bakin ofis. Ina wurin, ina zuba wa katafila mai, da kunnena na ji.

"Ranka ya daɗe, na uku ya wuce ja. Tsaga biyar ke nan a sama da fenti. A ba ni katafila kwana huɗu."

"Katafila ba za ta bar bakin kwal ba," in ji Farin Takalmi. "Na uku? A yashe shi. Bayan damina mu haƙa sabo."

"Ruwan gangaren gabas duka can yake shiga, ranka ya daɗe."

"Na ce a yashe shi. Kai ne manaja ko ni?"

Yaya ya miƙa masa takardar aiki ya ce, "To a rubuta mini." Shi a tunaninsa ya yi dabara, takarda za ta tsare shi. Farin Takalmi ya ɗora ta a kan mota, ya rubuta, ya sa hannu. Tafki na uku: a yashe shi.

Ka faɗa da bakinka ka ji. In kana nufin a kwashe laka, muryarka a kan "she" take faɗuwa. In kana nufin a yar da abu, a yi watsi da shi, muryar tana nan a sama, sai ta zo kan "shi" take faɗuwa. Wanda ya sha Hausa a nono ba ya ruɗa su a kunne. Amma a takarda, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wannan ne Yaya bai lura ba, ni ma ban lura ba.

Sati na uku da faɗuwar damina, da la'asar, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na uku ya cika cikin awa guda, ya haura jinga, ya cinye ta, ya ɓalle. Lambu goma sha ɗaya laka ta binne, baƙa, mai wari, har ƙugu. Na Inna yana ciki. Lemo tara da gwaiba huɗu da mahaifinmu ya dasa da hannunsa kafin ya rasu, cikin kwana goma duk suka zubar da ganye suka tsaya ƙyam.

Kafin hukuma ta turo mutanenta, Farin Takalmi ya sa ni na rufe tafkin. Ni ɗin nan, da katafilata. Na san sandar Yaya tana nan a ƙarƙashin laka kusa da bututu, na so in laluɓo ta, amma mutumin nan ya kafa kujera a kan tudu, da lema, bai motsa ba sai da na tura ƙasa ta ƙarshe. Rahotannin da Yaya ke kai wa ofis duk Asabar kuma aka neme su aka rasa.

Kwamitin binciken da hukuma ta turo mutum uku ne, shugabarsu wata mata ce mai tabarau, ba ta dariya, ba ta kuma tsawa. A ɗakin taron kamfani aka zauna. Farin Takalmi ya miƙe, ya zaro takardar nan, ya karanta a hankali kamar mai koyar da yara. "Tafki na uku, a yashe shi." Sai dai a wannan karon ya saukar da muryarsa a kan "she".

"Na ba da umarni a kwashe laka wata guda kafin ruwa," ya ce. "Ga hannuna. Bai yi ba. Ashe ma ya yi watanni bai auna ba."

Yaya ya amsa da muryar nan tasa mai sanyi. "Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi a yashe shi."

"To ai abin da na faɗa ke nan," in ji Farin Takalmi, har da ɗan murmushi. Wasu suka yi dariya.

Na tashi na ce ina wurin, na ji. Aka ce ai ƙanensa ne. Na juya na kalli sauran ma'aikata, mutanen da suka ji kalmar nan a bakinsa sau dubu. Kowa ya sami abin kallo a tsakanin ƙafafunsa. Mai Tabarau ta daɗe tana duban takardar, ta dubi Yaya, sannan ta rufe fayil. Washegari aka kore shi.

Korar ba ita ce ta karya shi ba, unguwa ce. Mutumin da in ya fito ake rige-rigen gaishe shi, sai ya zama in ya doso majalisa a yi tsit. Maƙwabcinmu Mai Albasa, wanda suka tashi tare tun suna tsirara, ya ɗebo lakar nan cikin bokiti ya zo ya juye masa a bakin ƙofa. Yaya da kansa ya ɗauki shebur ya kwashe. Amma wadda ta fi duka ita ce ta Inna. Ba ta zage shi ba. Ta dai dube shi wata safiya ta ce, "Ko don itatuwan ubanka ai ka yi abin da aka ce." Ina tsaye na ga maganar ta shige shi. Bayan wata huɗu jininsa ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi.

Kowa ya zaci zan bar aikin. Ina! Na zauna daram. Na zama mai ladabi, ranka ya daɗe a sama, ranka ya daɗe a ƙasa. In motar Farin Takalmi ta wuce har hula nake ɗagawa. A raina kuwa, wallahi in na ce ban taɓa tunanin sauke masa bokitin katafila a kan motar ba, na yi ƙarya. Abin da ya hana ni, mutuwarsa ba za ta wanke Yaya ba. So nake bakin da ya yi ƙaryar shi ne zai warware ta, a gaban mutane.

Farin Takalmi ya sa na shimfiɗa ƙasar noma a kan tafkin da na rufe. A ƙa'ida sai an kwashe lakar duka, a cike da ƙasa mai kyau, sannan a sa ta noma kamu uku ko huɗu. Mu kamu ɗaya muka sa, a kan ruɓaɓɓiyar laka. Aka shuka ciyawa, aka dasa 'yan itatuwa, aka kafa allo mai fenti kore cewa ga filin da aka farfaɗo. Duk baƙon da ya zo can ake kai shi ɗaukar hoto. In itace ya mutu a tumɓuke a sa wani kafin kowa ya gani.

Shegen yana da wayo, ya daina rubuta kalmar. A baki tana suɓuce masa, amma a takarda sai "a bari", "a dakata", "ba yanzu ba". Ni kuma na ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Komai ƙanƙantarsa sai na cike takardar aiki na kai masa. Kwalbati ta toshe, me za a yi? Tsohuwar magudanar yamma, me za a yi? Tulin duwatsun bayan gareji, me za a yi? Har abokan aiki suka sa mini Mai Fom, suna ce mini ko fitsari zan yi sai manaja ya sa hannu. Na bar su suna dariya. Na san hannu yana da mantuwa, ranar da kai ya yi zafi zai koma abin da ya saba.

Shekara uku cif, sai ga labari. Hukuma za ta zo ta duba filin, ta ba kamfani shaidar cewa an gyara ƙasar, shi kuma Farin Takalmi daga nan sai babban ofis. A satin ne na ga gindin tsohuwar jinga yana tsatsar da baƙin ruwa. Kaɗan-kaɗan, amma ciyawar wurin ta ƙone. Na tsuguna na shinshina, gabana ya faɗi, don na san damina na tafe kuma lambunan da mutane suka sake raya su suna nan a ƙasa. Na kuma ji wani daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ana gobe taron ba da shaidar na shiga ofishinsa da takardata. Waya biyu a kunnensa, masu rumfa suna jira, mai kujeru yana rantsuwa ɗari ya kawo ba tamanin ba. Na tsaya a gefe kamar bango.

"Kai kuma Mai Fom, mene ne?"

"Na uku ne, ranka ya daɗe. Gindinsa yana tsatsa. Me za a yi?"

"Yau? Yau za ka kawo mini wannan?" Ya fizge takardar, ya karta mata biro ba tare da ya duba ba, ya wurgo mini. "Fita mini!"

Sai da na kai bayan gareji na buɗe. Na zauna a kan tsohuwar taya. A yashe shi. Ga sa hannu, ga kwanan wata. Na ɗauki hotonta a waya, na naɗe ta a leda, na cusa cikin riga.

Ni ba shi ba ne, ba zan binne lambun kowa don in huce ba. Da yammar nan na yanka magudana daga gindin na uku zuwa na huɗu, na daddale bakinta, yadda duk abin da ya fito can zai tafi. Wanda ya tambaya na ce aikin manaja ne, ga takarda.

Ƙarfe bakwai na safe na hau filin. Rumfuna a gefe guda, kujeru a jere, an ɗaure jan ƙyalle da za a yanka. Na sauke bokiti a tsakiyar ciyawar nan mai kyau, na ja. Ta naɗe kamar tabarma. Kamu ɗaya, sai baƙi. Wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, masu jera kujeru suka toshe hanci suka ja da baya. Ina kwasowa ina tulawa a gefen allon kore, har na rufe masa ƙafafu. Da na kusa inda bututu yake sai na rage hannu, ina karta a hankali. Wajen tara da rabi haƙorin bokiti ya taɓo itace. Na sauko na shiga lakar har gwiwa, na zaro ta da hannuna. Na wanke ta da ruwan shana. Jan fentin yana nan, ga tsaga goma sha biyu a samansa, kowacce da kwananta. Na jingina ta da katafila na koma sama na ci gaba da aiki.

Ƙarfe goma motoci suka shigo a jere. Da na ga wadda ta fito daga ta biyu, na ce Allah na gode maka. Mai Tabarau ce, ta ɗan ƙara furfura.

Farin Takalmi bai jira an buɗe masa ƙofa ba. Ya taho a guje yana ɗaga hannuwa, ya tsallake ciyawa, ya zurma cikin laka har idon sawu bai ma sani ba.

"Kashe! Kashe injin nan! Uban wa ya sa ka?"

Na kashe, na sauko a natse, na ɗaga hula. Baƙi sun riga sun biyo shi, sun tsaya a bayansa da hankici a hanci.

"Kai ka sa ni, ranka ya daɗe." Na zaro ledar, na warware. "Ga shi. A yashe shi. Shi ne nake yashewa."

"Kai mahaukacin ina ne? A yashe shi na ce! A bar shi! A yi watsi da shi!" Jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. "Shekara nawa kana aiki da ni? Ni in na ce a yashe abu, a rabu da shi nake nufi, kowa a nan ya sani! Yaushe na taɓa cewa a ɗauke katafila daga kwal a kai ta wasa da laka?"

Mai Tabarau ta ɗago kai ta zuba masa ido.

"Ban ji da kyau ba, ranka ya daɗe," na ce. "A maimaita, kunnena ya yi nauyi da ƙarar inji."

A nan ya farga. Na ga abin ya sauka a fuskarsa, bakinsa a buɗe. Wallahi shekara uku na yi ina ƙoƙarin hango wannan fuskar, amma ta gaske ta fi daɗi.

Mai Tabarau ta matso ta karɓi takardar a hannuna. Ta karanta, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Manaja," ta ce, "na taɓa ganin wannan rubutun. Tafki ɗaya, kalma ɗaya, hannu ɗaya. A wancan karon da wata murya ka karanta mini shi."

"Hajiya, wancan daban ne, wancan ai..."

"Kuma ka ce mini an kwashe lakar kafin a rufe. Wannan da kake tsaye a ciki mene ne?"

Ya dubi ƙafafunsa. Na ɗauko sandar na aza a gabanta.

"Ya ce yayana ya yi watanni bai auna ba. Ga awonsa, Asabar bayan Asabar, har ta ƙarshe kafin ruwa. Kin tuna shi? Mai maganar sanyi, wanda aka yi wa dariya. Yanzu ko sanyin ma ba ya iyawa."

Ta bi tsagar da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Na ga abin ya taɓa ta, amma ban tausaya mata ba. Sai ga muryoyi daga baya. Abokan aikina, jarumai! "Gaskiya ne, haka yake faɗa kullum." "Mu ma mun ji ranar." Na juya na ce su rufe mini baki, bakin da ya yi shekara uku a aljihu ya ci gaba da zamansa a can.

Ba a yanka ƙyalle ba. Mai Tabarau ta ce kar wanda ya ƙara taɓa wurin sai an yi bincike. Ta so ta tafi da sandar, na ce ta ɗauki hoto, gobe ta aiko a karɓa, yau mai ita zai gan ta. Lokacin da na bar wurin Farin Takalmi yana zaune a kujerar baƙi shi kaɗai, yana goge takalmi da takardar jawabinsa.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Mai Albasa a ƙofa da wasu mutum huɗu, suna ta murza hula, wai sun zo gaida Mai Sanda. Na ce masa, "Ina bokitin? Ka manta ba ka zo da shi ba." Na shige na turo ƙofa.

Yaya yana kan kujerarsa a tsakar gida. Inna tana tsugune a gabansa, ta riƙe hannun nan da ya mutu, tana kuka ba sauti. Na aza masa sandar a kan cinya, doguwa, har ta tokare bango. Ya sa babban yatsan hagu yana bin tsagar. Ya wuce ja, ɗaya, biyu, har goma sha biyu. Na zauna na ba shi labari duka, da ihun, da takalmin, da fuskar. Ina jira ya yi dariya, ko ya ce alhamdu lillahi, ko ya tsine masa sau ɗaya in ji sanyi.

Ya daɗe yana haɗa maganar a bakinsa. Na matso da kunnena.

"Ka... yashe shi... har ƙasa?"

A kan "she" muryarsa ta faɗi.

"A'a, Yaya. Sun tsayar da ni. Ko rabi ban yi ba."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Ya ture sandar zuwa wajena da hannunsa mai rai.

"Koma," ya ce. "Akwai lambuna a ƙasa."